Rayis da Karatun Ruwan Bahar Maliya

Duk wanda ya taɓa zuwa Wapa canjin riyal ya taka wurin da tsohuwar hanyar Makka ta mota ta faro. A 1948 wasu attajiran Kano, irin su Alhaji Mahmud Dantata, wanda har aka riƙa ce masa Mamuda Wapa, da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, wato Wapa, suka sa motoci a turbar da kakanni suka sha bi da ƙafa da jaki. Daga Fagge a nufi Maiduguri, a ƙetara Farlomi, wato Njamena ta yau, a bi ta Abashe da Jinaina da Fashir har Ubayyid, inda layin dogo ya iso tun kafin Yaƙin Duniya na Farko. Wanda guzurinsa ya ƙare ya tsaya cirar auduga a Jazira, wani shekara guda, wani har ya bar jikoki a can. Wanda Allah ya nufa da isa kuwa, tafiyar ƙasa takan ƙare masa ne a Suwakin, a bakin Bahar Maliya. A nan direba ya gama nasa, ilimin madugu ma ya tsaya. Saura kimanin kilomita 300 na ruwan gishiri tsakanin mutum da Jidda.

In dattawan Fagge suka zauna hirar hajjin mota, yashi ake tunawa da ƙishirwa da direbobin da suka san daji. Ba kasafai ake ambaton mutumin da ya karɓi ragowar tafiyar ba. Mutanen gaɓar Sudan na ce masa rayis, tsofaffin littattafan Larabci na ce masa rubban. Shi ne mai jan sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska. Gaskiya ne a zamanin Wapa alhaji mai cikakkun takardu jirgin hayaƙi yake shiga bayan an killace shi an yi masa allura. Amma kafin zuwan jirgin hayaƙi kowa a hannun rayis yake, bayan zuwansa ma marasa takardu da marasa kuɗin tikiti ba su da kowa sai shi. Kai, har masu tikitin ba su tsira ba, domin shekara da shekaru manyan jirage can nesa da gaɓar Jidda suke tsayawa, sambuk ne ke kwaso mutane ya ratsa da su cikin duwatsu zuwa tudu.

Kafin a gane gwanintar mutumin sai an san halin ruwan. Bahar Maliya tsaga ce doguwa tsakanin Afirka da ƙasar Larabawa. Tsawonta ya kai kilomita 2,000, faɗinta inda ya fi bai wuce 355 ba, zurfinta a tsakiya wajen mita 3,000. Babu kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina da ke zuba a cikinta, ga ƙarancin ruwan sama, ga rana. Shi ya sa gishirinta ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 a lita guda inda sauran ke da 35. Tunda babu kogi, babu laka, ruwan garau yake, kuma ruwa mai ɗumi mai haske shi murjani ke so. Shi murjani wasu mitsi-mitsin halittu ne masu gina gidan dutse, zuriya bisa zuriya, har ginin ya taso daf da saman ruwa ya tsaya. Layi ɗaya na manne da gaɓa, wani layin na can ciki da tazarar 'yan kilomitoci, tsakaninsu akwai hanyar da ƙananan jirage ke bi a ɓoye wa manyan raƙuman ruwa. Ban da waɗannan ga kawunan dutse ɗai-ɗai da suka tsiro daga zurfi ba tsari ba ƙa'ida.

A yawancin tekuna ƙasa a hankali take tasowa, tana yi wa matuƙi kashedi. Yakan jefa igiya mai dalma a baki, ya ƙirga gaba nawa ta nutse, in ya ga lissafi na raguwa ya san tudu ya matso. A nan wannan dabara ba ta cika ceto ba. Murjani a tsaye yake tasowa, sai igiya ta ƙare ba ta taɓa ƙasa ba, alhali tsawon jirgi biyu a gaba dutse ne da ruwan kansa bai kai gwiwa ba. Raƙuman ruwa ma da ke fashewa a kan dutse su tona asirinsa, ranar da teku ta kwanta ba sa nan. Abin da ya rage wa rayis shi ne ido.

Ruwan launi-launi ne, kowane launi da abin da yake faɗa. Baƙin shuɗi zurfi ne, a wuce ba fargaba. In shuɗin ya fara washewa ƙasa ta taso, amma da saura. Tsanwa mai haske farin yashi ne a ƙasa, ruwa kaɗan, wurin kwana mai kyau in an lallaɓa. Inda tsanwar ta koma fari-fari, na kwale-kwale ne kawai. Abin gudu shi ne ruwan ƙasa, ko wanda ya ɗan ja zuwa ruwan ɗorawa, domin wannan murjani ne a kusa, kuma gwargwadon cizawar launin gwargwadon kusancinsa. Wannan kowa zai haddace a zama ɗaya. Wahalar tana wajen abubuwan da ke yi wa ido ƙarya. Inuwar gajimare in ta faɗo kan ruwa ba ta da maraba da dutse, sai an ɗaga kai an dubi sama, an kuma lura ko baƙin na tafiya ko yana tsaye. Ciyawar ƙarƙashin teku ma baƙa ce, ga ta kuwa ba ta fasa jirgi. Gungun kifi kan yi duhu ya ruɗi baƙo. Ruwan da ya kwanta lumui ya fi kowanne mugunta, don sararin sama kawai yake nunawa, yayin da 'yar iska mai ɗan yamutsa fuskar ruwa ke buɗe abin da ke ƙasa. Kuma daga ƙasan jirgi ba a gani da nisa, sai an hau. Shi ya sa ake tura mai kaifin ido ya ɗare jigon jirgi, ko shi rayis ɗin ya tsaya a goshi yana nuni da hannu, mai riƙe da sukkan, wato katakon juya jirgi, yana can baya ba ya kallon komai sai hannun nan.

Ibn Baɗuɗa, da ya shiga wannan teku daga Jidda wajen 1330, abin da ya gani ke nan. Ya ba da labarin cewa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai ake tafiya saboda duwatsu, da dare a nemi wuri a kwana, rubban kuma ba ya barin goshin jirgi, yana yi wa mai tuƙi kashedi. Shekara kusan ɗari bakwai ke nan, kuma masunta a gaɓar Sudan ba su sauya tsayuwar ba.

Duk karatun nan ba ya yiwuwa sai rana ta ba da haɗin kai. Dole ta kasance sama, kuma a bayan mai kallo. In tana gabansa, ruwan ƙyalli ne kawai mai kashe ido, dutse da zurfi duk ɗaya. Daga hantsi zuwa bayan azahar ne ake gani sosai. Daga nan ne tsarin yinin rayis ya samo asali, kuma a ganina nan ne hikimar ta fi fitowa. Mafakar jirage a gaɓar Sudan, waɗanda ake kira marsa, wasu tsagogi ne a jikin murjani, galibi a bakin ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun gaɓa in an yi ruwa, irin su Marsa Fijab da Marsa Arakiyai da Khor Shinab. Bakinsu gabas yake kallo, don haka mai shiga yamma ya nufa. Da la'asar ta yi, rana ta koma daidai idonsa. Ashe ke nan rayis tun da safe yake lissafin wace marsa zai cim ma kafin rana ta karkata, in ya ga ba zai kai ta gaba ba, ya shige ta kusa ko da rana na tsaka.

A nan ake samun saɓani da fasinja. Mutumin da ya yi wata da watanni a hanya, ga iska na kaɗawa, ga gari da sauran haske, sai ya ga an sauke ƙyallen da ke karɓar iska an ɗaure jirgi. Ba mamaki ya juya ga madugu ya ce, “Malam, yi masa magana mana, ko so yake Arfa ta wuce mu?” Madugun da ya taɓa ƙetarewa amsarsa ba ta wuce, “Yi haƙuri, Alhaji, shi ya san ruwansa.” Wanda zai ci gaba don ya faranta wa fasinja, la'asar sakaliya za ta riske shi a waje, gabansa bangon dutse mai ƙofa ɗaya da ba ya iya gani, bayansa dare.

Fita da safe ma da tata matsalar, tunda gabas za a nufa, cikin idon rana mai fitowa. Maganinta tun jiya ake haɗa shi. Lokacin shiga, rayis na waiwaye yana ajiye alamomi a ka: wancan ƙoƙon dutse in ya daidaita da wancan tsauni na bayansa, to ana tsakiyar hanya, in suka rabu an kauce. Alama biyu a layi ɗaya ba ta ƙarya, ko kamfas bai fi ta ba. Tsaunukan da ke bin gaɓar Sudan kowanne da siffarsa da sunansa a wurin matuƙa, haka ma ƙubbobin waliyyai. Inda birnin Bur Sudan yake a yau, da can Marsa Shaikh Bargut ake kiran wurin, saboda kabarin wani shehi da ke bakin mashigar, wanda masu jirgi suka daɗe suna saiti da shi.

Shigar kanta abin kallo ce. Wata marsar bakinta ƙunci ne, ga lanƙwasa a ciki, jirgi kuma ba shi da birki. Ana rage ƙyalle tun daga waje don gudu ya ragu, amma ba a rage shi har jirgi ya daina jin sukkan ba, domin jirgin da ya tsaya cik iska ce ke tuƙa shi, kuma kan dutse za ta kai shi. Ibn Jubair, Ba'andalushen da ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183, ya sha wuya a tafiyar har ya yi tir da masu jiragen, amma da ya zo kan matuƙan sai ya sara musu, ya kamanta yadda suke sarrafa jirgi a ƙuntataccen wuri da yadda gwanin mahayi ke sarrafa doki mai jin linzami. Bakano ba ya buƙatar ƙarin bayani. Wanda ya ga mahayi ya sako doki a guje ranar Hawan Daushe ya zame shi daf da gaban Sarki ya san cewa aikin na cikin sanin daidai lokacin da za a ja. In an shiga kuma, sau da yawa ƙasa ta yi zurfin da anka ba za ta kama ba, ko ta kama ta maƙale har abada. Sai wani yaro ya kama bakin igiya ya faɗa ruwa, ya yi iyo zuwa gefen murjani, ya saƙala ƙugiya a wani kogo, iska ta riƙe jirgi nesa da dutsen. Rayis ba ya barci mai nauyi a irin wannan dare, don in iska ta juya, dutsen da aka ɗaure a jikinsa shi zai fasa jirgin.

Iskar ma ba ta goyon bayan alhaji. A arewacin Bahar Maliya, daga wajen Jidda zuwa sama, iskar arewa ce ke busawa kusan duk shekara. A kudanci kuwa takan juya, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu ta taso daga kudu. Suwakin na kusa da inda biyun ke karo a lokacin sanyi, Jidda kuma tana arewa maso gabas da ita, wato dai kusan inda iska ke fitowa. Da zafi ya tsananta, wajen Yuli da Agusta, wata iska mai ƙarfi kan ɓullo ta gibin duwatsun Tokar ɗauke da ƙura, ta rufe tsaunukan da ake saiti da su. Wanda ya karanta sira ya san aikin iskar wannan teku: Abu Musal Ash'ari da jama'arsa sun shiga jirgi daga Yaman da niyyar riskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, jirgin ya kai su Habasha wurin Najjashi, inda suka tarar da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib.

Abin da ke ba sambuk damar cin gaba duk da haka shi ne siffar ƙyallensa. Kusan mai kusurwa uku ne, rataye a jikin wata doguwar sanda da aka haɗa da itace biyu ko uku, wadda takan kai tsawon jirgin kansa, kanta ɗaya a ƙasa wajen goshi, ɗayan ya yi sama. Irin wannan ƙyalle na iya karɓar iska ta gefe ya mayar da ita tafiya gaba, sai jirgi ya riƙa saran iska a karkace, ya yi dama ya yi hagu yana hawa a hankali. Kuɗin da ake biya shi ne wahalar juyawa. Duk sanda za a sauya gefe, sai an juya wa iska baya, an sassauta igiyoyi, an miƙar da sandar nan tsaye a jikin jigo, an zagaya da ita da ƙyallen gaba ɗaya zuwa ɗaya gefen, sannan a ɗaure. Mutum biyar ko shida ne ke yi da ƙarfin damtse, jirgi na tangaɗi, kuma kowane juyi sai an yi asarar wani abu daga tazarar da aka sha wuya aka ci. Don haka gwani ba ya yawan juyi. Yakan bi hanyar cikin murjani ya hau arewa marsa bayan marsa, inda ruwa ke kwance, sai ya ga ya samu kusurwar da zai yanka teku da ɗauri ɗaya, sannan ya fita. Ba banza ba tsohuwar tashar alhazai ta Aizab ta kasance can arewa, kusan daura da Jidda.

A tsakiyar teku doka takan sauya. Babu dutse, saboda haka a yi ta tafiya dare da rana, ido kuma ya koma sama. Matuƙan Larabawa sun raba da'irar sama gida 32, kowane gida da sunan tauraron da ke fitowa ko faɗuwa a wurin, ciki har da Surayya, wadda mu muke kira kaza da 'ya'yanta, da Suhailu na kudu. Sanin nisan da aka yi arewa kuwa, tauraron arewa ake aunawa, wanda suke kira Jah. Ba ya yawo kamar sauran, kuma gwargwadon yadda ka yi arewa gwargwadon yadda yake ɗagawa. A Kano digiri 12 yake sama da gefen ƙasa, a Suwakin 19, a Jidda 21 da rabi. Kayan awon, kamal, ba a kai shi sauƙi ba: ɗan allon katako da igiya a tsakiyarsa mai ƙulli-ƙulli. Mutum ya ciji ƙulli ɗaya, ya miƙa allon har igiya ta miƙe, ya daidaita gindinsa da inda ruwa ya haɗu da sama. In tauraro ya zauna daidai kan allon, an kai layin garin da aka yi ƙullin dominsa. Da yatsu suke lissafin, yatsa ɗaya ya ɗan haura digiri ɗaya da rabi. Ahmad bin Majid, mutumin Julfar da ke ƙasar Daular Larabawa ta yanzu, ya tattara wannan ilimi a littafinsa Kitabul Fawa'id wajen 1490, ya keɓe ƙarshensa ga Bahar Maliya, tekun da ubansa da kakansa suka yi suna a cikinta.

Tauraro na faɗar arewa da kudu, ba ya faɗar saura nawa a kai gaɓa, ga kuma jan ruwa da ke karkatar da jirgi ba a sani ba. Maganin mai hankali shi ne ya kauce da gangan. Ya nufi arewa da Jidda kaɗan, don in ya hango duwatsun Hijaz ya san tabbas dama zai juya, iska na bayansa. Wanda ya saita garin kai tsaye ya kuskure, bai san ta wane gefe ya kuskure ba, in kuma ta kudu ne, sai ya sake hawan iska. Sannan a wannan gaɓa lissafin rana ya juye: gabas ake nufa, don haka bayan azahar ake son shiga. In aka hango ƙasa da dare ko da sassafe, sai a yi ta jeka-ka-dawo a waje har rana ta hau. Jidda, wadda Halifa Usman ya mayar tashar Makka a shekara ta 26 bayan hijira a madadin Shu'aiba, layi-layin murjani ne suka tsare ta, da 'yan ƙofofi a tsakani. A 1517 rundunar jiragen Fotugal ta zo har bakinta ta koma ba ta ci garin ba, domin hanyar shiga a murɗe take, kuma tana ƙarƙashin bakin igwa.

Tsibiran wannan teku su ne zangon rayis, su ne kuma jarrabawarsa, don yawancinsu a kwance suke, ba a hango su sai an zo kusa. Suwakin kanta tsibiri ce, kewayayya, a ƙarshen wata doguwar mashiga mai ƙunci, an gina gidajenta masu benaye da dutsen murjani. Ta yi zamani a hannun Turkawa, har malaman fiƙihu na ambatonta da suna in suna maganar inda mai zuwa ta teku zai ɗaura harami. Ƙuncin mashigar da ya tsare ta shi ya kashe ta: manyan jirage suka gagara shiga, Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, gidajen Suwakin suka riƙa zubewa. Kudu da ita akwai tarin ƙananan tsibirai inda kunkurun teku da tsuntsaye ke ƙwai. Can gaba daura da Masawa ga Dahlak, tsibirai fiye da ɗari, masu tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama da aka sassaƙa a dutse, inda aka daɗe ana nutso neman lu'ulu'u. A ɗaya gefen ga Farasan daura da Jizan. Ta wannan yanki na kudu ne Takari da yawa marasa takardu suka riƙa ƙetarewa a ɓoye, a sauke su a wani lungu na gaɓar Larabawa su ƙarasa da ƙafa.

Mai son ganin wurin da ya fi kyau kuwa, arewa zai yi. Kimanin kilomita 125 daga Bur Sudan akwai mashigin Dungunab da tsibirin Mukawwar, ruwa marar zurfi mai ciyawa inda wata dabba 'yar'uwar ayun kogunanmu ke kiwo. Wani masani Bature, Cyril Crossland, ya yi shekaru a nan tun daga farkon ƙarni na 20 yana kiwon kawar lu'ulu'u. A 2016 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya tare da Sanganeb, wani zoben murjani mai hasumiyar fitila da ke kilomita 25 daga gaɓa. Kusa da nan ne Sha'ab Rumi, inda Jacques Cousteau na Faransa ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutane suka zauna ciki, da kuma gawar Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da gangan a Yunin 1940 da bama-bamai 360,000 a cikinsa don kada Ingilishi su ƙwace. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, Turawa masu nutso kan yi hayar jirgi su yi mako suna zagaya wuraren nan, suna kwana a marsa kamar yadda alhazai suka yi.

Kada yabo ya rufe mana ido: gwanintar matuƙi daban, kwaɗayin mai jirgi daban, kuma sau da yawa na biyun ke cinye na farkon. Ƙorafin Ibn Jubair ke nan, cewa ana cusa alhazai har wani kan wani don a fanshe kuɗin jirgi a tafiya ɗaya. Jiragen zamaninsa ma ɗinka su ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, ba ƙusa, a shafe su da man kifi. A Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Suwakin da tumaki kusan 15,800 da za a kai Saudiyya, alhali na 9,000 ne. Mu ma nan Kano ba mu manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya. Daga cikin aikin rayis na ƙwarai akwai duban inda ruwa ya kai a jikin jirgi tun ana lodi, da iya cewa ya isa ko da mai jirgi na tsaye.

In ka tsallaka titi daga Fagge ka shiga Sabon Gari, wadda aka kafa a 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, za ka samu mutanen da ruwa ne gadonsu, Ijo da Kalabari da Ibibiyo da Ilaje, daga gaɓar tekun Gini inda busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwar ke fitowa. Nasu ilimin kusan kishiyar na rayis ne. Ruwan bakin Neja laka ce, ba a ganin tafin hannu a cikinsa, saboda haka launi ba ya gaya musu zurfi. Abin da suke karantawa shi ne cika da janyewar teku sau biyu a yini, da gora a hannu, da yadda ruwa ke murɗawa a kan tudun yashi. A tsakiyar Bahar Maliya kuwa, wajen Suwakin da Jidda, cikar yini ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ruwan kan ɗan ƙaru da sanyi ya ragu da zafi, har dutsen da aka wuce ta kansa a Janairu ya zama abin kaucewa a Agusta. Da za a musanya musu jirage, kowannensu sai ya koma ɗan koyo.

Koyon kuwa ba a makaranta ake yi ba. Yaro kan shiga jirgi yana kwarfar ruwa, yana hura wuta, yana taya shafa farar ƙasa da kitse a jikin jirgi don tsutsar teku kada ta cinye katako. Daga nan a fara tura shi kan jigo, ya yi ta kiran dutse inda inuwa ce ana yi masa dariya, har idonsa ya faɗa. Sunayen duwatsu da marsa da tsaunuka a baki ake karɓarsu, bi da bi, kamar yadda suke a hanya.

Yau inji ya maye gurbin ƙyalle a yawancin jirage, jirgin fasinja na tashi daga tashar Usman Digna a Suwakin ya kwana ɗaya ya wayi gari a Jidda, alhazan Kano kuma 'yan awoyi kawai suke yi a sama. Na'urar GPS na gaya wa matuƙi inda yake ba kuskure. Sai dai ba ta san inda dutse yake ba sai abin da taswira ta gaya mata, taswirar kuwa a wurare da dama ta gaji tsofaffin awo ne, tun daga wanda Robert Moresby da abokan aikinsa suka fara a 1829 da igiya da dalma. Akwai marsar da in ka bi allon na'ura sai ya nuna jirginka na tafiya a kan tudu. Saboda haka kafin yaƙin, jiragen masu yawon buɗe ido, da injinsu da na'urorinsu, kan ɗauki mutumin gaɓar da ya san wurin, su kuma tsara tafiyarsu yadda za su shiga mafaka kafin la'asar.